Ka gama karatu a waje kana son tsayawa aiki: yadda ake bin takardun daki-daki

Wani ƙanen matata ya gama digiri na biyu a Kanada, ya kira ni da dare muryarsa a sanyaye. Ya nemi izinin aiki na bayan karatu, a lissafinsa shekara uku za a ba shi, sai ga takarda ta zo da wata goma sha huɗu. Ba kuskure aka yi ba. Fasfonsa ne saura wata goma sha huɗu ya mutu, su kuwa can ba sa ba da izinin da zai wuce ranar mutuwar fasfo. Daga baya ya sabunta fasfon, ya sake cike takarda ya karɓi cikon watanninsa, amma sai da ya biya kuɗi sau biyu, kuma kamfanin da ke shirin ɗaukarsa ya ga gajeren izini ya ja da baya.

Yawancin waɗanda na san zama ya kuɓuce musu, ba ilimi suka rasa ba. Kwanan wata ne ya kayar da su. Izinin da ake ba ɗalibi bayan karatu gada ce, ba gida ba. Kusan ko'ina sau ɗaya ake bayarwa, ba a sabuntawa, kuma tun ranar da ka hau kanta kwanakinka suke raguwa. Aikin da ke gabanka shi ne ka sauka kan wata takardar kafin gadar ta ƙare.

Mataki na farko: kana da ikon tsayawa kuwa?

Wanda iyayensa suka biya masa makaranta ya tsallake wannan. Wanda aka ɗauki nauyinsa kuwa ya ɗauko yarjejeniyar da ya sa wa hannu ya sake karantawa. Chevening ta Birtaniya tana sharɗanta ka koma ƙasarka aƙalla shekara 2. Fulbright ta Amurka da bizar J-1 take zuwa, ita ma da sharaɗin zaman gida na shekara 2 kafin a ba ka bizar aiki ta H-1B ko katin zaman dindindin. Malamin da TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantun Najeriya, ta tura yana da alkawarin komawa makarantarsa, kuma ƙin dawowar wasu yana cikin dalilan da hukumar ta bayar a ƙarshen 2024 da ta dakatar da tura malamai waje. Birtaniya ma ta toshe ƙofar da kanta: in gwamnati ko wata hukumar tallafi ce ta biya maka makaranta da kuɗin zama cikin wata 12 da suka wuce, sai ka kawo takardar amincewarta kafin a ba ka izinin tsayawa.

Ni dai ra'ayina, alkawari kaya ne. Wanda ya gudu da kuɗin jama'a, ƙannensa ya rufe wa ƙofa. In kana ganin dole sai ka tsaya, rubuta musu ka nemi sassauci, ko ku yi maganar biyan abin da aka kashe.

Mataki na biyu: kwanan wata uku

Samu takarda ka rubuta ranaku uku ka manna a jikin ƙofar ɗakinka, tun ana saura zango ɗaya ka gama.

Ta farko ranar mutuwar fasfo. In saura ƙasa da shekara uku, fara neman sabo yanzu. Ɗan Najeriya ya tabbatar sunansa da ranar haihuwarsa a fasfo sun yi daidai da na lambar NIN, don saɓanin harafi ɗaya, Muhammad a nan Mohammed a can, yana iya tsayar da aikin. In da hali a karɓi mai shekara 10 a huta.

Ta biyu ranar ƙarewar bizar karatu. Ta uku, wadda aka fi mantawa, ranar da makaranta za ta fitar da sakamakon ƙarshe ta tabbatar ka kammala. Hukumomin shige da fice ba ruwansu da ranar bikin yaye ɗalibai, ranar da ake sa doguwar riga a ɗauki hoton da za a tura gida. Da ranar sakamako suke aiki. Haɗarin yana tsakanin ranar ta biyu da ta uku. In ka faɗi wani darasi aka ce ka sake, ko ka nemi ƙarin lokaci a kan kundin bincikenka, sakamako yana iya fitowa bayan bizarka ta mutu. Haka in makaranta tana bin ka bashi, da yawa ba sa sakin sakamako sai an biya, abin da ya ci ɗalibai da dama lokacin da naira ta faɗi warwas a 2023 da 2024. Da ka hango irin wannan, je ofishin kula da ɗaliban waje na makarantarku tun da sauran lokaci. Kyauta suke ba da shawara, kuma sun fi dattijon zauren WhatsApp sanin doka.

Mataki na uku: hawa gadar

A Birtaniya sunanta bizar Graduate, an buɗe ta ranar 1 ga Yuli 2021. Mai digiri na farko ko na biyu yana samun shekara 2, mai digirin dakta shekara 3. Gwamnati ta rage ta zuwa wata 18 ga duk wanda zai nema daga 1 ga Janairu 2027, ban da masu dakta. Dole kana cikin ƙasar lokacin nema, bizar karatunka tana raye, kuma jami'a ta riga ta shaida wa ma'aikatar cikin gida cewa ka kammala. Kada ka cike kafin jami'a ta aiko maka da saƙon cewa ta kai rahotonka. A farashin 2025 kuɗin nema fam 880 ne, ga kuɗin asibiti fam 1,035 na kowace shekara da ake biya a dunƙule, wato fam 2,950 a zama ɗaya. Mai mata da 'ya'ya kowane kai da nasa lissafin. Tun kana ɗalibi kana aikin awa 20 a mako za ka fara ajiye wannan kuɗin. Da bizar Graduate kana iya kusan kowane aiki, ko ka yi sana'ar kanka, ba ka buƙatar kamfani ya tsaya maka.

A Kanada PGWP ake ce mata. Karatun da bai kai wata 8 ba ba ya samu. Daga wata 8 zuwa ƙasa da shekara 2, gwargwadon tsawon karatunka za a ba ka. Shekara 2 zuwa sama, shekara 3. Tun Fabrairun 2024 mai digiri na biyu yana samun shekara 3 ko da karatun nasa bai kai shekara 2 ba. Kana da kwana 180 daga ranar da makaranta ta tabbatar da kammalawarka. Daga 1 ga Nuwamba 2024 an ƙara sharaɗin jarrabawar harshe: mataki na 7 a ma'aunin Kanada ga mai digiri, na 5 ga mai difloma ta kwaleji, kuma wanda ba digiri ya yi ba sai fanninsa yana cikin jerin da gwamnati ta ware. Jarrabawar IELTS da ka shiga makaranta da ita ba ta yi a nan, nau'in General Training ake so, ko CELPIP, ko PTE Core, kuma kada sakamakon ya wuce shekara 2.

Jamus ta fi su sauƙin kai a wannan gaɓar. Wanda ya gama jami'ar ƙasar ana ba shi wata 18 na neman aiki, kuma cikinsu yana iya kowane irin aiki ya ci abinci. Sai dai ƙidayar tana farawa daga ranar da aka sanar da kai sakamakon ƙarshe, ba daga ranar da ka je ofis ba. Za su nemi shaidar kammalawa, inshorar lafiya, da shaidar kana iya riƙe kanka. Samun ranar ganawa a ofishin baƙi na manyan birane yana ɗaukar lokaci, saboda haka ka shigar da buƙatarka a rubuce kafin izininka ya mutu, ka ajiye shaidar turawa. Akwai takardar wucin gadi mai dogon suna, Fiktionsbescheinigung, wadda ke nuna zamanka halal ne har a yanke hukunci.

Faransa, inda 'yan Nijar da Kamaru da Chadi da yawa suke nufa, shekara ɗaya take ba mai digiri na biyu don neman aiki ko kafa kamfani, ba sabuntawa, kuma aikin da za ka sauya takarda da shi ya dace da karatunka, albashinsa ya kai mafi ƙanƙantar albashin ƙasar da rabinsa.

Amurka tana da OPT, izinin aiki na bayan karatu, wata 12, da ƙarin wata 24 ga masu kimiyya, fasaha, injiniyanci da lissafi in kamfaninsu yana cikin E-Verify, tsarin gwamnati na tantance izinin ma'aikata. Nan ƙa'idar ranaku ta fi tsanani. Ana nema daga kwana 90 kafin ranar gama karatu zuwa kwana 60 bayanta. Jami'in ɗaliban waje na makarantarku zai ba ka sabuwar I-20, takardar shaidar ɗalibtarka, kai kuma ka tura fom I-765 cikin kwana 30 da amincewarsa. Ba ka fara aiki sai katin izinin aikin ya shigo hannunka. Aikin dole ya dace da abin da ka karanta, kuma zaman banza ba zai wuce kwana 90 ba, ko 150 gaba ɗaya ga mai ƙarin wata 24. Ga wani abu da ya shafe mu kai tsaye: a Yunin 2025 Amurka ta hana 'yan Chadi da Sudan shiga, a Disamba ta ƙara da Nijar, ta kuma dakatar da ba 'yan Najeriya sababbin bizar karatu da ziyara da ta ƙaura. Wanda yake ciki kada ya ce zai leƙa gida sallah ko biki sai ya zauna da jami'in makarantarsu tukuna, don fita ba wuya, komawar ce aiki.

Ba kowace ƙasa ke da irin wannan gadar ba. A Saudiyya, alal misali, igamar ɗalibi a hannun jami'arsa take, zama don aiki kuma sai da kafili.

Mataki na huɗu: aikin da zai ɗauke ka

Nan ne ake yin asarar gaske, kuma a hankali take zuwa. Ka karɓi izinin shekara biyu, ga hayar ɗaki, ga gida ana jiran saƙo, sai ka kama aikin sito ko gadi ko rabon kaya. Kuɗi suna shigowa, kana turawa, ana sa maka albarka. Aikin halal ne, ba abin kunya a ciki. Amma na ga wanda ya farga saura wata huɗu, yana zaune a mota bayan aikin dare yana tura takardar neman aiki ɗari a mako, ba wanda ya amsa. Ka yi aikin cin abinci, amma ka ware awanni a kowane mako na neman aikin takarda, tun watan farko.

A Birtaniya takardar gaba ita ce Skilled Worker. Sharaɗinta kamfani mai lasisin ɗaukar baƙi ya ba ka lambar shaidar tsaya maka, wadda ake kira CoS. Jerin kamfanonin da ke da lasisi yana shafin gwamnati na gov.uk, kowa na iya saukewa kyauta. Kafin ka ɓata dare kana gyara takardar neman aiki, duba ko sunan kamfanin yana ciki. Daga 22 ga Yuli 2025 mafi ƙarancin albashi ya koma fam 41,700 a shekara, kuma yawancin ayyukan da ake karɓa sai na matakin digiri. Sabon shiga kasuwar aiki, wato wanda bai kai shekara 26 ba ko wanda ke sauyawa daga bizar karatu ko ta Graduate, ana yi masa rangwame zuwa fam 33,400. Amma rangwamen shekara 4 ne kacal, har da zaman da ka yi a kan Graduate. In ka cinye shekara 2 a can, saura 2. Kuma shekarun Graduate ba sa shiga cikin biyar ɗin da ake ƙirgawa a hanyar aiki don zaman dindindin. Don haka in kamfani ya ce zai tsaya maka yau, karɓa yau. Wasu suna cewa bari su ƙarasa cin kuɗin da suka biya na Graduate, wannan lissafin dokin rano ne. Asibitocin gwamnati na NHS da jami'o'i da makarantu sun saba tsaya wa baƙi, kuma wasu ayyukan lafiya da koyarwa suna da ma'aunin albashi nasu na daban.

A Kanada ba sai kamfani ya tsaya maka ba, aikin da ka yi ne ke tsaya maka. Hanyar masu ƙwarewar aiki a ƙasar, cikin tsarin Express Entry na neman zaman dindindin, tana son shekara ɗaya ta aikin ƙwararru, awa 1,560, cikin shekara 3 da suka wuce. Ayyuka suna da matakai daga 0 zuwa 5, kuma 0 zuwa 3 kaɗai ake ƙirgawa. Jiran kanti da dakon kaya a sito ba sa ciki, tuƙin motar haya da kake yi da kanka ba ya ciki, aikin da ka yi kana ɗalibi ma ba ya ciki. Abin da kake yi a wurin aiki shi ake dubawa, ba sunan muƙami ba, saboda haka wasiƙar kamfani ta faɗi ayyukanka da awanninka da albashinka. Daga nan sai maki: shekaru, ilimi, harshe, ƙwarewa. Makin shekaru yana fara sauka daga 30. A Maris 2025 an cire makin da ake bayarwa don samun tayin aiki. Lardi in ya zaɓe ka yana ƙara maka maki 600, wanda kusan ya gama magana.

Ɗan Damagaram ko Maraɗi ko Garwa yana da makamin da ɗan Kano ba shi da shi, kuma sau da yawa bai sani ba. Kanada tana yin zaɓe na musamman ga masu Faransanci, makin da ake tsayawa a kai yakan yi ƙasa da na sauran sosai. Abin da ake buƙata shi ne mataki na 7 a jarrabawar TEF Canada ko TCF Canada. Har 'yan Najeriya yanzu suna komawa aji koyon Faransanci saboda wannan.

A Jamus, da ka samu aikin da ya dace da digirinka, Blue Card za ka nema, wato izinin zama da aiki na ƙwararru masu digiri. A 2025 albashin da ake buƙata yuro 48,300 ne a shekara, amma sabon mai digiri da bai wuce shekara 3 da gamawa ba, da masu fannonin da ake ƙarancin ma'aikata, yuro 43,759.80 ya ishe su. Ana sauya adadin kowace shekara. In albashi bai kai ba, akwai izinin zama na ƙwararren ma'aikaci. Gaskiyar da ba a son ji: karatu da Turanci yana yiwuwa a Jamus, amma kamfanoni matsakaita, inda yawancin aikin yake, Jamusanci suke so.

A Amurka H-1B ce, guraben 65,000 a shekara da ƙarin 20,000 ga masu digiri na biyu zuwa sama daga jami'o'in ƙasar. Kamfani ke yi maka rajista a Maris, masu nema sun ninka guraben, aiki kuma ya fara 1 ga Oktoba. Jami'o'i da cibiyoyin binciken da ba na riba ba ba sa cikin wannan ƙayyadewar, abin da ya sa masu dakta da yawa suke bi ta nan.

Mataki na biyar: zaman dindindin, da jakar takardu

Mu fara da Jamus. Mai digirin jami'ar ƙasar yana iya neman zaman dindindin bayan shekara 2 yana aikin ƙwararru, in ya biya kuɗin fansho na wata 24 kuma yana da Jamusanci matakin B1. Mai Blue Card wata 27, ko 21 in yana da B1. Tun Yunin 2024 ana neman zama ɗan ƙasa bayan shekara 5 ba tare da an jefar da fasfon gida ba. A Kanada, bayan ka samu zaman dindindin, kwana 1,095 cikin shekara 5 ake nema kafin fasfo. A Birtaniya shekara 5 aka sani kafin zaman dindindin, amma a 2025 gwamnati ta fito da shirin mayar da shi 10 ga yawancin baƙi, don haka a riƙa duba shafin gwamnati kafin a gina lissafi a kai. Can kuma ba a son ka yi fiye da kwana 180 a waje cikin kowane wata 12.

Tun ranar farko ka buɗe jaka ɗaya, ta takarda da ta kwamfuta. Takardun albashi na kowane wata, kwantiragin aiki, takardun haraji, yarjejeniyar haya, tsofaffin fasfo, da jerin duk ranar da ka fita ƙasar ka dawo. Bayan shekara biyar ba za ka tuna ranar da ka tafi umara ba, su kuwa za su tambaya.

Maganar iyali a yi ta da wuri. Tun Janairun 2024 ɗalibin digiri na biyu na aji a Birtaniya ba ya zuwa da mata da 'ya'ya, sai mai digirin bincike ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa. A bizar Graduate ma ba a ƙara sabon mutum, sai wanda dama yake kan bizar karatunka, ko jaririn da aka haifa a can. Wanda aka ɗaura wa aure a gida yana Graduate, amarya za ta jira har ya sauya takarda. Ya gaya wa surukai wannan tun kafin a sa rana. Kuma duk ƙasashen nan mata ɗaya suke ba izini.

Dillalai, da ranar da lokaci ya ƙure

Da wa'adi ya matso za ka fara jin murya: akwai wani mai CoS, fam dubu kaza. Sayar da ita haramun ne a dokar Birtaniya. Wasu takardun na jabu ne, wasu na gaske ne amma babu aikin, kuma ranar da aka soke lasisin kamfanin, kai za a aiko wa wasiƙar rage biza, galibi zuwa kwana 60. Auren takarda da neman mafaka na ƙarya su ma haka: in aka kama ka da yaudara, hanin shiga yana iya kaiwa shekara 10, kuma fom na ƙasashe da yawa zai tambaye ka ko an taɓa hana ka biza. In shawara kake so ta kuɗi, nemi lauya ko mai ba da shawara da ke da rajista, ka duba sunansa a rajistar hukuma da idonka.

In saura wata uku babu aiki, zauna ka duba abin da ya rage: digirin dakta mai tallafi, aiki a wata ƙasar da ke karɓar takardarka, ko gida. Abin da ba a yi shi ne wuce rana. A Birtaniya wuce kwana 30 yana jawo hanin shiga na aƙalla shekara ɗaya. A Amurka zaman da ba izini na fiye da kwana 180 hanin shekara 3 ne, na shekara guda kuwa hanin shekara 10. Wanda ya fita da ƙafarsa kafin wa'adi yana iya neman Skilled Worker daga Abuja, ko ya shiga Express Entry daga Yamai, da ƙwarewar da ya tara tana nan a takarda. Ɗan Najeriya da ya gama digirin farko bai kai shekara 30 ba ya haɗo duk takardun makarantarsa na asali, har da fasfon da ya yi karatu da shi mai hatiman shiga da fita, don za a nema wurin rajistar bautar ƙasa.